Wando a kan bires ɗin baya: yaya ake yanka shi don kada ya riƙa zamewa?

Umman_Yara

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawarar teloli da duk wanda ya san wannan harka. 'Yata mai shekara 12 likita ya sa mata bires na filastik saboda karkacewar ƙashin baya, irin wanda yake kamawa daga ƙasan hammata har kan mazaunai, da maɗaurai uku a baya. An ce ta riƙa sa shi awa 18 zuwa 20 a rana, ke nan da shi za ta je boko da islamiyya. Wandunan yunifom ɗinta ba sa shiga, wanda ya shiga kuma da ta zauna sai baya ya sauka, da ta yi tafiya sai ya zame. Bakin filastik ɗin har ya fara huda ɗaya.

Awonta ba bires: ƙugu inci 25, kwatangwalo 31. Da bires: ƙugu 29, wajen da ya fi faɗi a ƙasa 34. Tsawon wando 36. Kekena Butterfly ne na ƙafa, miƙaƙƙen ɗinki kawai yake yi. Yaya zan yanka? Roba zan sa ko zariya? Wane yadi, kuma yadi nawa zan saya?

TelanFagge

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba ta lafiya, ya sa a dace.

Kada ki ɗauki tsohon wando ki ƙara masa faɗi ta gefe, asarar yadi ce. Abu biyu ne suka canza, kuma faɗi shi ne ƙaraminsu. Jikin mutum yana da taushi, roba tana nutsewa a cikinsa ta kama. Filastik santsi gare shi, ba ya nutsewa, don haka duk robar da ba ta samu wurin zama ba gangarowa za ta yi. Sannan idan mutum ya zauna ƙugunsa yana lanƙwasawa ya rage jan da ake yi wa yadi. Bires ba ya lanƙwasa, sai duk jan ya koma kan ɗinkin baya, shi ya sa kike ganin yana sauka.

Ki duba jikin bires ɗin da kyau. A sama da ƙasusuwan kwatangwalo akwai wani kwari da aka matse ciki, hagu da dama. Nan ne ƙugun bires, kuma nan kaɗai ƙubaka za ta iya tsayawa. Ya fi inda 'yan mata suka saba sa wando tsawo, amma babu wani wuri. Ƙasa da shi filastik yana buɗewa ne zuwa inci 34 ɗin nan, sai kuma ya yanke. Robar da aka ajiye a tsakiyar wannan gangaren ba ta da abin riƙewa.

Wajen awo, ta sa singiletin da take sawa a ciki, a ɗaure maɗauran daidai kan alamar da aka yi mata a asibiti, ba sako-sako ba. Ki ɗaura zare ko siririn tsumma a cikin kwarin, ki bar shi a nan har ki gama, domin daga shi za ki ɗauki kowane awo. Faɗi kin riga kin samu, amma ki sake tabbatarwa tef ya bi ta kan ƙarafan maɗauri, ba ta gefensu ba. Kaurin kwata ɗin inci a kewayen jiki yana ƙara kusan inci 1 da rabi a awo, maɗauri da ƙarfensa su ƙara nasu, shi ya sa 31 ya koma 34. Awo biyu ne ba ki kawo ba, kuma su ne masu muhimmanci. Na farko zurfin hantsa: ta zauna a kan benci ko kujerar katako, ba katifa ba, ki auna ta gefe daga zaren zuwa katakon. Na biyu ki sa bakin tef a kan zaren ta gaba, ki bi da shi ta tsakanin ƙafafu ki fito kan zaren ta baya, ta saman filastik. Ki ɗauka tana tsaye, ki sake ɗauka tana zaune. Bambancin da kika gani tsakanin biyun shi ne abin da bayan wandon yake nema.

Ki zana a kan takarda tukuna, ta buhun siminti da aka goge ko jaridu da aka manna. Faɗi: 34 ki ƙara 4 na sakewa, 38 ke nan. Kada ki raba shi huɗu daidai. Kowane ɓarin gaba 9, kowane ɓarin baya 10, saboda maɗauran a baya suke. Daga layin kwatangwalo zuwa sama ki tafi a miƙe, kada ki shigar da ƙugu ciki kamar na wandon maza, domin bakin wandon dole ya wuce ta kan inci 34 kafin ya isa wurin zamansa. Zurfin hantsa, a ce kin samu 10 da rabi, ki ƙara kwata uku ya zama 11 da kwata. Harshen hantsa na gaba ki fitar da shi inci 2 da kwata, na baya 4 da rabi zuwa 5.

Ga inda aikin yake. A takardar baya, ki ja layi a kwance kamar inci 4 sama da layin hantsa, daga ɗinkin tsakiya zuwa gefe. Ki yanka da almakashi daga tsakiya, ki tsaya saura ƙiris ki kai gefe, kada ki raba takardar biyu. Ki buɗe bakin yankan inci 2, ki manna wata takarda a ƙarƙashi, ki gyara lanƙwasar ta tafi sumul. Yanzu tsakiyar baya ya ƙaru da inci 2, gefe bai canza ba, kuma ƙarin ya faɗa daidai inda bakin bires yake tura yadi. Da yawa suna ɗora wannan inci biyun a can saman ƙugu kawai. Yana ɗan taimakawa, amma yadin zai ci gaba da ɗaurewa a kan bakin filastik, nan ne kuma yake yagewa. A gaba akasin haka za ki yi: ki sauke tsakiyar gaba da kwata uku na inci, ki tafi da layin a hankali ya haɗu da gefe. In ba haka ba, da ta zauna yadi zai taru a mara ya shige ƙarƙashin bakin bires. Bayan kin gama ki tsayar da tef a kan gefensa ki bi lanƙwasar gaba da ta baya, jimillarsu ta fi awon da kika ɗauka tana tsaye da inci 1, kuma kada ta gaza awon zaune.

Roba za ki sa, ba zariya ba. Zariya ba ta talewa: in an ɗaure ta daidai a tsaye, da an zauna baya ya ja sai ta zame daga kwarin ko ta tsinke ƙubaka. Ki nemi roba mai faɗin inci 1 da rabi, mai tauri wadda ba ta naɗewa. Siririyar nan ta siket murɗewa take ta zama igiya. Ki yanka 26 da rabi, rabin na haɗi ne, wato kin rage inci 3 daga 29. A jiki tsirara wannan zai yi matsi, amma a nan filastik ne yake ɗaukar matsin, ba cikinta ba. Kafin ki yanka ki ja inci 26 ɗin a kan tef ki ga ya kai 35 ba da kokawa ba. In bai kai ba, ba robar aikin ba ce. Don ƙubaka ki bar inci 2 da kwata a sama da layin ƙugu: rabi na kalmasar ciki, 1 da kwata uku na ramin. Bayan kin zura, ki daidaita tattarar, yawanci ki tura ta baya, sannan ki taka ɗinki a tsaye ta kan robar a gefe biyu da tsakiyar baya don kada ta juya.

Yadi mai faɗin inci 60, yadi 1 da rabi ya isa. Mai faɗin 45, irin faɗin atamfa, ki sayi 2 da rabi. Ki wanke shi ya bushe kafin almakashi ya taɓa shi. Kuma don Allah ki fara gwadawa da tsohon zanen gado ko akoko, iya gwiwa ma ya isa, da dogon ɗinki mai sauƙin farkewa. Ta zauna, ta tashi, ta tsuguna, ta yi ruku'u da sujada. Abin da za ki gyara a nan zai nuna kansa.

Anti_MaiKeke

Malam Tela ya yi bayani, Allah ya saka. Lissafin baya da gaba babu abin da zan ƙara. Inda na ɗan saɓa da shi wajen ƙubaka ne. Inci 38 na yadin yunifom da aka tattara zuwa 26 tudu ne babba, an kuma ɗora shi a kan bires da maɗaurai. Riga za ta tokare a wurin, yarinya mai shekara 12 kuma abin da ta fi gudu ke nan, a gane tana sanye da wani abu. In ta tsani wandon, bires ɗin za ta tsana.

'Yar'uwa, ki gwada ƙugun yadi mai talewa. Jikin wandon ki yanka shi yadda Malam ya faɗa, sai dai ki tsaya inci 3 ƙasa da layin zare, ki bar rabin inci na haɗi, kuma ki ɗan shigar da bakin ya zama 36 maimakon 38. A madadin abin da kika cire sai ki sa ɗamara ta yadin likira mai kauri ko irin ribin da ake sa wa bakin suwaita. Ki yanka tsawo 26 da rabi, faɗi 9, talewar ta bi tsawon. Ki haɗa bakinsa ya zama zobe, ki ninka biyu. A Kantin Kwari ko duk inda za ki saya, ki kama inci 10 ki ja: in ya kai 14 ya kuma koma 10 da kin saki, ya yi. Wanda ya tsaya a 11 ko 12 bayan an saki, sati biyu zai saki jiki.

Kada kekenki ya ba ki tsoro. Miƙaƙƙen ɗinki yana tsinkewa a yadi mai talewa ne idan an ɗinka shi a sake sannan aka ja. A nan za ki raba zoben huɗu da alli, ki raba bakin wandon huɗu, ki haɗa alama da alama da fil, ki riƙa jan ɗamarar har ta kai tsawon yadin wandon kina takawa. Ɗinkin an yi shi ne a iyakar buɗewarsa, ba zai taɓa wuce 36 ba, don haka ba abin da zai tsinka shi. Ki taka layi biyu, tsakaninsu kwata. Allura ki sa mai dunƙulallen baki ta yadin talewa, lamba 12 ko 14. Mai tsini tana yanke zaren saƙar, bayan wanki ki ga ƙananan huji a jere. In kin ga yana son zamewa, ki zura roba mai inci 1 a cikin ninkin ta sama.

Sai maganar huji. Abu uku ne ke cin yadi: bakin filastik na ƙasa, ƙarafan maɗauri, da ɓangare mai kaifi na Velcro, wato abin da maɗauri ke mannewa da shi, da ya yi saura a waje. Idan ta jingina da bencin makaranta, yadin yana tsakanin katako da ƙarfe ne. Ki yi wa bayan wandon shafi daga ciki, daga ƙugu zuwa inci 1 da rabi ƙasa da inda bires ya ƙare, daga ɗinkin gefe zuwa ɗinkin gefe. Ki yanka shi da takardar bayan da kika riga kika gyara, da ragowar yadin ko kaki mara nauyi. Sama da gefe ki kama shi cikin ɗinkin da ke wurin, ƙasa kuwa ki yi masa wibin, wato ɗinkin da ke hana bakin yadi warwarewa, ki bar shi a sake, kada ki taka shi a jikin wandon. Layin ɗinki a wurin da ake gogayya shi ne zai fara ɓarkewa, kuma daga waje zai nuna. Ɗinkin tsakiyar baya ki taka sau biyu.

Akwai abin da ya fi shafi sauƙi: singileti mai tsawo da ya wuce bires da inci 5 ko 6, a naɗo bakinsa sama ya rufe bakin filastik ta waje. Ko ki yanke ƙasan tsohuwar rigar T-shat mai ɗan matsi, faɗin inci 10, ta sa shi kamar ɗamara a kan maɗauran. Yana hana Velcro kama yadi, yana kuma rage santsin, roba ta fi kamawa a kan auduga.

Aljihun gefe ki bar shi. Bakinsa yana faɗawa daidai kan bakin bires, sai ya hangame. In tana so, ki ɗora na faci a kan cinya.

Umman_Yara

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na yi na gwaji da zanen gado, baya ya daina sauka. Saura abu uku. Ƙafar hagu ta fi ta dama sauka da kusan inci 1 duk da tare na yanka su. Tana tsugunawa sai hantsa ta ɗaure. Sannan wata ta ce in huta da wahala, ta sa wandon a ciki a ɗaura bires a kansa. Hakan ya halatta?

MaiGashinƘashi

Hajiya, bari in amsa na ukun, shi ne ya shafi ɓangarenmu na gashin ƙashi.

Wandon yunifom kada ya shiga ƙarƙashin bires. Irin wanda kika kwatanta, mai buɗewa ta baya, tsarin da aka fara a asibitin yara na Boston a Amurka ne a farkon shekarun 1970, kuma aikinsa matsi ne: akwai matasai a ciki da aka sa daidai inda ake son tura ƙashin, an kuma ƙera shi ya zauna dam a kan kwatangwalo. Duk abin da ya shiga tsakaninsa da fata, za a danna shi cikin fata na tsawon awa 18. Ƙubaka mai roba, kullin zariya, maballi, zif, har ɗinki mai kauri, kowanne yana iya zama gyambo, musamman a kan ƙashin kwatangwalo inda babu tsoka. Kuma kaurin yana sa a sassauta maɗauri, daga nan bires ya daina aikinsa. Ga matsalar banɗaki: sai an kwance maɗaurai uku ta baya kafin ta sauke wando, ta kuma nemi mai ɗaure mata. A makaranta abin da ke biyo baya shi ne ta cire ta ajiye, ko ta daina shan ruwa.

Awannin nan ba wasa ba ne. Babban binciken da aka yi a Amurka da Kanada, aka wallafa a 2013, ya nuna cewa yaran da suka sa bires kimanin awa 13 ko fiye a rana, kusan 9 cikin 10 sun gama girma karkacewar ba ta kai digiri 50 ba, matakin da ake fara maganar tiyata. Waɗanda suka sa na 'yan awanni kaɗan ba su bambanta da waɗanda ba su sa ba. Don haka wandon da zai sa ta iya yini da shi a makaranta yana cikin maganin.

Abin da ya kamata ya kasance a ciki shi ne singileti ɗaya na auduga, mai kama jiki, ba tattara, ba leshi. In yana da ɗinki a gefe a juya shi bai-bai, ɗinkin ya kalli filastik. A ja shi ƙasa sosai kafin a ɗaure, domin ninki ɗaya ya isa ya yi sawu. Kamfai ya fi sauƙi a kan bires saboda banɗaki, sai a ƙara masa girma. Lokacin bazara, Maris zuwa Mayu, ta riƙa tafiya da singileti na canji, jiƙaƙƙen yadi a ƙarƙashin filastik shi ke kawo ƙurajen zafi. Kada a shafa mai, basilin ko hoda a inda bires yake kamawa, ko da hunturu ne. Mai yana tausasa fata ta yi saurin saɓulewa, hoda kuma tana cuɗewa da gumi.

Kullum idan an cire don wanka ki duba fatar. Ja da ya ɓace cikin minti 20 zuwa 30 ba komai. Wanda ya wuce haka, ko bororo, ko fata ta buɗe, a koma wurin da aka ƙera shi, ko asibitin ƙashi na Dala ne ko wani wuri. Haka kuma idan tana zama a kujera bakin gaba yana cizon cinya, ko bakin baya yana tokarar kujerar yana tura bires sama. Wannan gyaran masu ƙera shi ne, ba na tela ba. Kada a yanke filastik a gida, kada a gasa shi da wuta don a buɗe, kada a huda shi don a maƙala wando. Ko Velcro mai gam za a manna a jikinsa, a tambaye su tukuna.

Naɗo singileti kan bakin ƙasa da Anti ta faɗa daidai ne, muna ba da wannan shawarar.

TelanFagge

Madalla da bayanin Malam. Hajiya, ga sauran biyun.

Ƙafar da ta sauka ba laifin almakashinki ba ne. Kwarin bires ɗin ba lallai ya zama daidai hagu da dama ba, kwatangwalo ɗaya yana iya fin ɗaya tsawo, wani bires ɗin ma ana sauko da gefe ɗaya ƙasa da gangan. Kada ki gyara daga ƙasa ta hanyar datse ƙafar hagu. In kin yi haka tsawo zai daidaita amma zaren yadin ya karkace, ɗinkin tsakiya ya ja gefe guda, ƙafar ta riƙa murɗewa. Daga sama ake gyarawa. Ki cire robar daga na gwajin, ta sa shi, ki ɗaura roba a kansa cikin kwarin. Ki riƙa jan yadin sama ta ƙarƙashin robar, nan da can, har ɗinkin tsakiya ya tsaya a miƙe, ɗinkin gefe ya sauka tsaye, ƙafafu biyu suka yi daidai. Sai ki bi ƙasan robar da alli ki zagaye. Wannan layin shi ne ƙugunta na gaskiya, ko da kin shimfiɗa kin ga ya karkace. Ki mayar da shi kan takarda, ɓari huɗu daban-daban, ki rubuta hagu da dama a kan kowanne. Yadin gaske ki yanka shi a shimfiɗe falle ɗaya, fuskarsa a sama, ba a ninke ba. Ki sa ɗan ƙyalle mai launi a tsakiyar baya ta ciki don ta gane gaba da baya, wannan wandon ba ya juyuwa. Kalmasar ƙafa ita ce ta ƙarshe: tana tsaye da takalmin makaranta, ki auna daga ƙasa da rula, inci 1 sama da daɓe. Ba ta iya sunkuyawa ta ga ƙafarta sosai, wandon da ke jan ƙasa zai kayar da ita, ya kuma kwaso najasa a banɗaki. Yadi mai layi-layi a kwance ko mai gida-gida irin na dara ki kauce masa, yana tona karkacewar.

Ɗaurewar hantsa kuwa, maganinta yana cikin wandonmu na gargajiya, wanda ake sa masa ƙyalle a hantsa don zaman tabarma da hawan doki. Ki yanka ƙyalle mai kusurwa huɗu kamar lu'ulu'un kati, tsawo inci 7, faɗi 4, ki ƙara rabin inci kewaye. Ki yanka shi a karkace da zaren yadi don ya ɗan ba da kai. Ki farke ɗinkin cikin cinya inci 4 hagu, 4 dama daga mahaɗa. Dogayen kusurwoyin su bi cinyoyi, gajerun su kalli gaba da baya. Ki ɗinka gefe ɗaya-ɗaya, kina tsayawa daidai kan kusurwa kina mayar da ɗinki, kada ki zagaye shi a tafiya ɗaya, kusurwar za ta tattare. Kada ki ce za ki magance ta da ƙara zurfin hantsa. Hantsar da ta sauka ƙasa tana ɗaure cinyoyi ne, taku ya gajarta, tsuguno ya fi wuya.

In duk da haka baya yana zamewa, ki ɗinka ɗan harshe na yadi, faɗi inci 1, tsawo 4, a cikin ƙubaka ta baya, ɗan gefe da tsakiya, da maballin matsawa a bakinsa. A zagaya shi ta bayan maɗaurin da ya fi kusa a ɓalle. Ki tabbata hannunta yana kaiwa ta ɓalle da kanta kafin ki bar ta ta fita da shi.

Yarinya ce mai girma, bires ɗin ma za a canza shi in ya yi mata kaɗan. Ki bar inci 1 a ɗinkin gefe, inci 2 a kalmasar ƙafa, kuma bakin da kika zura roba ki rufe shi da ɗinkin hannu don canji ya yi sauƙi.

Anti_MaiKeke

Ƙari kaɗan saboda masu karantawa da nasu babba ne, wanda aka yi wa aikin ƙashin baya ko ya samu karaya aka sa masa bires, aka hana shi sunkuyo da murɗa jiki. Awo da ƙarin baya duk ɗaya ne, amma shi matsalarsa sawa ce, domin hannunsa ba ya kaiwa ƙafa, jan roba mai ƙarfi ta kan filastik kuma yana sa shi murɗawa. A yi masa buɗi a gefe biyu, zif mai inci 10 ko 12 kowane gefe, roba a baya kaɗai, gaba a shimfiɗe. A bayan kowane zif a sa harshen yadi mai faɗin inci 1 da rabi don haƙoransa kada su riƙa gogar filastik, a kuma ɗaura ɗan zobe ko igiya a kan marikin zif ɗin. A ɗinka hannaye biyu na tef mai ƙarfi a cikin ƙugu, hagu da dama, madauki mai inci 4, wanda zai sa yatsu ko sanda mai ƙugiya ya jawo wandon yana zaune a bakin gado. Kewayen bakin ƙafa kada ya gaza inci 17, don ƙafa ta wuce ba tare da an kama ta da hannu ba.

Shadda mai sitaci ba ta dace da wannan ba, santsinta a kan filastik ya yi yawa, kuma tana karyewa a kan baki mai kaifi. Auduga mai laushi da aka wanke sau biyu, ko yadin kaftani mara nauyi, allura lamba 14. In mai kaftani ne, tsagar gefen rigar a ƙara ta sama da inci 3 don ya kai hannu ga zif ba sai ya tattare rigar duka ba.